Safarjal: dutsen da Turkawa ke dafawa su sha romonsa

Duk wanda ya taɓa gutsurar ɗanyar kanya ya san abin da ake kira bauri: baki ya ɗaure, yawu ya ƙafe, harshe ya koma kamar an goge shi da tsumma. To haka ɗan itacen da ake kira safarjal yake idan ɗanye ne, ga shi kuma da taurin tsiya, sai ka danna da ƙarfi kafin wuƙa ta ratsa shi. A ido ba shi da makusa. Ruwan ɗorawa ne, ya ɗara tuffa girma, jikinsa lulluɓe da wani gashi mai laushi kamar ƙurar auduga, ƙamshinsa kuwa idan ka ajiye ƙwara biyu a ɗaki sai ya cika ɗakin, wani abu tsakanin goba da tuffa da turaren fure. Turkawa, waɗanda suka fi kowa noma shi a duniya, ayva suke ce masa, kuma idan mutum ya faɗa cikin tasku sai su ce wane ya ci ayva. Wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗiye ɗanyensa ba sai an fassara masa ba.

Amma da zarar Oktoba ta yi nisa, shi wannan ɗan itacen ne za ka gani jere a faranti a gidajen abinci na Istanbul, ya zama ja jawur, yana sheƙi, ya yi laushin da cokali ke yanka shi, an ɗora masa farin curin madara a tsakiya. Sunan wannan kayan zaƙi ayva tatlısı. Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kuma ban san wani girki da karin maganar ta hau kansa daram kamar wannan ba. Abin tambaya shi ne me ke faruwa a cikin tukunyar, sannan cikin ɗimbin amfanin da ake jingina wa safarjal, nawa ne ke kai labari bayan an sauke.

Sunan safarjal na Larabci ne, shi na ɗauka don shi ne wanda almajiran littattafan ɗibbu suka riga suka sani. Masana tsirrai Cydonia oblonga suke kiransa, daga sunan Kidoniya, wani tsohon gari a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, inda birnin Haniya yake a yau. Asalinsa dai ba can ba ne, daga yankin tsaunukan Kokasos da arewacin Iran ya fito. Dangin tuffa ne, su biyun kuma dangin furen wardi. A 2021 duniya ta noma kimanin ton 700,000, wajen ton 190,000 daga ciki a Turkiyya, musamman a lardin Sakarya, inda garuruwan Geyve da Pamukova suka yi suna a kansa. Sin da Uzbekistan da Iran da Maroko su ke biye. Bishiyar tana buƙatar ta kwana cikin sanyin hunturu na haƙiƙa kafin ta yi fure, irin sanyin da namu bai kama ƙafarsa ba, shi ya sa ba ka ganinta a lambunan Kano ko Maraɗi. Lokacin girbinsa dai ya zo daidai da kakarmu: sa'ad da ake yankan dawa a nan, a can safarjal ake tsinka. Manoman Anatoliya, ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, ma har camfi suke da shi, wai shekarar da ya yi 'ya'ya da yawa, hunturunta zai yi tsanani.

Girkin kansa ba shi da tarkace. A goge gashin, a wanke, a fere, a raba biyu, a ƙwaƙule tsakiyar inda 'ya'yan suke har sai an cire wani farin abu mai tsakuwa-tsakuwa da ke kewaye da su, don shi ko kwana ya yi a wuta ba ya laushi. Kowane ɓari aka gama sai a tsoma shi a ruwan da aka matse lemon tsami, in ba haka ba nan da nan zai yi duhu, kamar yankakken yalo da ya sha iska. A nan ne baƙon girkin ke yin kuskuren farko: ya tattara ɓawon da 'ya'yan ya zubar. Ɓawon shimfiɗa shi ake yi a gindin tukunya mai faɗi, a jera ɓarin safarjal a kai, ramin na kallon sama. 'Ya'yan kuma a watsa su a ciki ɗungurungum. Kowane rami a cika shi da sukari, babban cokali 2 zuwa 3, wasu har 4 suke sawa. Sai kanumfari 'yan ƙwarori, sandar kirfa ɗaya, da ruwa kamar kofi ɗaya, wanda zai tsaya a ƙasa ba tare da ya shanye kansu ba. Wasu matan tun da dare suke barbaɗa sukarin su rufe, kafin safiya ya jawo ruwan jikin safarjal ɗin, sai a dafa shi cikin ruwansa. A rufe tukunya, in ta tafasa a rage wuta ta koma can ƙasa, a bar ta awa 2, wani lokaci har 3. Ba a juyawa. Iyaka lokaci-lokaci a ɗebo romon da cokali a kwarara a kai.

Awa ta farko babu abin burgewa. Farin ya ɗan koma ruwan zuma, shi ke nan, har mutum ya fara zargin ko an yaudare shi. Sai can cikin awa ta biyu launi ya fara juyawa, ruwan hoda tukuna, sannan ruwan goro, sannan ja mai duhu. Kuma babu wani jan abu da aka zuba.

Sirrin yana cikin baurin nan da muka fara da shi. Abin da ke kawo bauri wasu sinadarai ne da ake kira tanin, irin waɗanda ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, da ganyen shayin da ya daɗe a buta. Aikinsu shi ne kama furotin. A majema furotin ɗin fata suke kamawa, a baki kuma na cikin yawu, wanda shi ne ke sa baki santsi. Da sun ɗaure shi sai santsin ya tafi, ka ji baki ya bushe. Tanin ɗin safarjal dogayen sarƙoƙi ne marasa launi. Idan suka daɗe a wuta cikin ruwa mai tsami, sarƙar sai ta riƙa tsinkewa, gutsattsarin su haɗu da iska su rikiɗe su zama sinadarai masu jan launi, 'yan gida ɗaya da waɗanda suka sa zoɓo ya zama ja. Ke nan abu ɗaya ne ke faruwa ta fuska biyu: gwargwadon yadda bauri ke raguwa, gwargwadon yadda ja ke ƙaruwa. Safarjal ɗin da ya fi bauri, shi ya fi yin ja. Akwai wani iri da Turkawa ke kira ekmek ayvası, wato safarjal ɗin burodi, mai sauƙin bauri har ana cin sa ɗanye, amma yawancin irin da ake nomawa sai da wuta.

Daga nan za a gane dalilin wasu ƙa'idojin da masu girkin ke bi ko da ba su san sunan sinadari ko ɗaya ba. Wuta mai ƙarfi tana narkar da naman kafin launin ya samu sukunin fitowa, sai a tashi da fate mai ruwan ƙasa. Tsami kuma dole ne, shi ya sa ake ƙara ɗigon lemon tsami in safarjal ɗin ya cika nuna. Uwargidan da ta saba jefa kanwa don abu ya yi saurin laushi, a nan sai ta riƙe hannunta: kanwa kishiyar tsami ce, kuma irin wannan launin idan ya gamu da ita ba ya tsayawa ja, dusashewa yake ya yi duhu, yadda zoɓo ke yi.

Sai dai ba duk jan da ka gani a kanti ne na haƙuri ba. Mai gidan abincin da ke da tukwane goma a wuta ba lallai ya jira awa 3 ba, don haka wasu kala suke ɗigawa, wasu su jefa lohusa şekeri, wani jan sukari mai kayan ƙamshi da ake dafa wa mai jego abin sha da shi. Wasu ruwan rumman suke sawa, har da masu sa zoɓo. Ban ga laifin zoɓo ko rumman ba, amma ido na iya bambancewa: jan wuta yana da zurfi, ya karkata zuwa ruwan jar ƙasa, na kala kuwa sai ka ga yana ƙyalli kamar alawar yara. Kuma wanda aka rina aka sauke da wuri, baurinsa na nan.

'Ya'yan da ɓawon su ma ba don ado aka bar su ba. Safarjal na cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawan fektin, wani nau'in harza (wato zare-zaren abinci da tumbi ba ya narkarwa) mai narkewa a ruwa, wanda idan ya haɗu da sukari da tsami sai ya daskare. Fatar 'ya'yan kuma tana fitar da yauƙi in ta jiƙa, kamar na kuɓewa ko karkashi. Su ne ke sa romon ya yi kauri, idan ya huce ya kama jikin safarjal ɗin yana rawa. Wannan hali nasa ne ya ba shi matsayi a girkin ƙasashe da dama tun kafin a san firiji. A Sifaniya ana dafa shi da sukari har ya zama curi mai yankuwa, membrillo, a ci da cuku. Mutanen Fotugal marmelo suke kiran ɗan itacen, abin da suka dafa daga gare shi kuma marmelada. Ingilawa sun fara sayo shi daga wurinsu sama da shekara 500 da suka wuce, suka ari sunan, daga baya suka ɗora shi a kan na lemo, har yau mamaled ɗin da ake shafa wa burodi sunan safarjal yake amsawa ba tare da ya sani ba. A Maroko kuwa cikin miyar naman rago ake sa shi, a Halab ta Siriya a dafa shi da curin nama da ruwan rumman.

Idan aka sauke ba a ci da zafi. A bar shi ya huce sarai, sannan a ɗora kaymak a cikin ramin. Kaymak shi ne fatar nan mai maiƙo da ke taruwa a saman madara idan an dafa ta a hankali aka bar ta ta kwana, mafi daraja kuma na nonon ɓaunar gida ne, irin na garin Afyon. A barbaɗa dakakken fistashiyo, wata koriyar ƙwaya mai kama da gyaɗa, ko makamancinsa. Maiƙon ne ke kashe kaifin zaƙin. A ganina kindirmo mai kauri zai yi wannan aiki, watakila ma ya fi, tunda ya zo da ɗan tsaminsa.

To, batun lafiya. A nan sai an rarrabe abu uku da masu rubutu a intanet ke cakuɗawa wuri guda: abin da ke cikin ɗanyen, abin da magabata suka faɗa, da abin da ya rage a faranti.

Giram 100 na ɗanyen safarjal, bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, yana da kalori 57, harza giram 1.9, bitamin C miligiram 15, fotasiyam miligiram 197, da ƙarfen da jini ke buƙata miligiram 0.7. Ba laifi. Amma a ɗora shi a sikeli da gobar da ake tallanta a tire a bakin titi: giram 100 nata na da bitamin C sama da miligiram 200, harza kuma fiye da giram 5. Lemon zaƙi na da wajen miligiram 53 na bitamin C. Ayaba ta kusan ninka shi a fotasiyam. Bahaushen da ya karanta jerin fa'idojin safarjal har ya fara jin an bar shi a baya, to ya kwantar da hankalinsa, abin da ke bayan gidansa ya fi. Ƙari a kan haka, bitamin C ba ya jure wuta, kuma awa 2 ko 3 a tukunya ba ƙaramin zama ba ne. Kaɗan ne zai tsira. Jan launin ma kada ya ruɗi kowa ya ɗauka alamar ƙarin jini ce, don mun ga inda ya fito.

Abin da ke tsira shi ne harzar, da ma'adanai irin su fotasiyam waɗanda wuta ba ta ƙona su, sai dai su zube cikin romo, da kuma wani kaso na dangin tanin. Fektin abinci ne ga ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji, kuma yana riƙe ruwa, shi ya sa yake taimaka wa bayan gida ya daidaita. Wannan amfani ne na zahiri, kuma ya yi daidai da abin da magabatan likitoci suka lura da shi.

Su magabatan sun daɗe da shi. Ibn Sina ya lissafa shi cikin abubuwa masu ɗaure ciki da ƙarfafa tumbi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan hijira, wato 1350, ya ware masa babi a bayaninsa na magungunan Annabi, ya ce yana kwantar da ƙishirwa da amai, kafin abinci yana ɗaure ciki, bayan abinci yana sassauta shi, 'ya'yansa kuma suna maganin kaushin maƙogwaro. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da ya ba da ta sarrafa shi: a ƙwaƙule tsakiyar, a cire 'ya'yan, a zuba zuma a ramin, a lulluɓe da ƙullu, a binne a toka mai zafi. Cire ƙullun da tokar, ka sa sukari a madadin zuma, ga ayva tatlısı nan ya fito sak. Kuma bai ɓoye ba, ya yi gargaɗin cewa yawan cin sa na jawo murɗar ciki. Akwai hadisin da ake yawan kawowa, na Ɗalha bin Ubaidullah a cikin Sunan na Ibn Majah, mai cewa safarjal na sanyaya zuciya, sai dai malaman hadisi sun raunana isnadinsa, don haka bai kamata mai sayar da magani ya riƙa kafa hujja da shi kamar ingantacce ba.

A Iran har gobe ana jiƙa 'ya'yansa, beh-daneh, a ruwan ɗumi, a sha yauƙin don tari da kaikayin maƙogwaro. Hikimar a bayyane take: yauƙi na lulluɓe wurin da ya yi kaushi, ya ba shi hutu. Can ne kuma aka yi wasu ƙananan gwaje-gwaje da ruwan safarjal da aka dafa ya yi kauri, a kan mata masu laulayin ciki da yara masu ƙwannafi, sakamakon ya nuna alamar sauƙi. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, kwanakin ma kaɗan, saboda haka alama ce, ba hukunci ba. Ragowar da'awoyin, na kashe ciwon daji, narkar da teɓa, warkar da ciwon suga, yawancinsu daga gwajin da aka yi a kwalba ko a jikin ɓeraye aka ciro su, da tataccen sinadari mai ƙarfin da babu wanda zai same shi a faranti. Tsakanin ɓeran ɗakin gwaji da mai cin kayan zaƙi bayan tuwon dare akwai tafiya.

Kan 'ya'yan nan akwai abin kiyayewa. Cikinsu, kamar na tuffa, akwai amigdalin, wanda idan aka fasa ƙwayar yake sakin gubar sayanayid, irin wadda ake jiƙa rogo mai ɗaci don a rabu da ita. Muddin ƙwayar ba ta fashe ba, babu matsala, shi ya sa ake jefa su ɗungurungum a tsame su bayan an sauke. Kada a daka, kada a niƙa, kada a tauna.

Saura sukari, wanda shi ne babban baƙon da jerin fa'idoji ba ya ambata. Babban cokali ɗaya wajen giram 12 ne da ɗoriya, uku ke nan sun kusa giram 38, kimanin kalori 150. Shi ɓarin safarjal ɗin, in babba ne, bai wuce kalori 70 zuwa 85 ba. Ashe sukarin ya kusan ninka ɗan itacen, tun ba a zo kan kaymak ba. Gaskiya ne wani kaso na zama a romon da ya rage a tukunya, amma wa ke barin romon? A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wajen giram 50 ke nan ga baligi, in da hali ma a tsaya a rabin haka, giram 25. Ɓari ɗaya ya tsallake ƙaramin ma'aunin, ya cinye mafi yawan babban. Sa zuma a madadinsa bai canza lissafin sosai ba, domin hukumar ta ƙidaya zuma cikin irin wannan sukarin. Zuma da zaƙi, da harbi.

Hukuncina dai, ayva tatlısı ya fi yawancin abokan zamansa a kantin kayan zaƙi, tunda babu fulawa a ciki, ba a soya shi ba, kuma rabin abin da ke farantin ɗan itace ne na gaske. Idan aka jera shi da baklava, kayan zaƙin Turkawa na fulawa da ruwan sukari, shi zan miƙa wa hannu. Amma alawa ce, a ci ta a matsayin alawa. Mai ciwon suga da aka ce masa safarjal magani ne, ya sani ba wannan ake nufi ba.

Ana iya rage sukarin zuwa cokali ɗaya a kowane ɓari, launin zai fito tunda ba sukari ke kawo shi ba. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: romon ba zai yi kauri da sheƙi sosai ba, naman zai fi saurin ɓarkewa don sukari na cikin abin da ke riƙe shi, kuma ba zai daɗe a ajiye ba, kwana biyu ko uku a firiji sai a cinye. Ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu zirga-zirga Istanbul ko Alƙahira ko Kasablanka, in tafiya ta faɗo tsakanin Oktoba da Disamba za su same shi a kasuwa da araha. A zaɓi wanda ya rine sarai babu sauran kore, mai nauyi a hannu, wanda ƙamshinsa ke iso ka tun kafin ka kai shi hanci. Duk taurinsa ba ya son bugu, tabo yake yi, don haka in za a sa shi a jaka a naɗe kowanne da takardarsa.